Takardu Biyu na Ɗan Farin Hauwa

Sunana Juwairiyya, amma a Badafi in ka ce Juwairiyya sai an tsaya tunani. Ka ce Gwaggo, kowa zai nuna maka ƙofata. Ana cewa ina da surutu, ban kuma taɓa musawa ba. Labarin nan gara ku ji shi daga wajena, don na san irin gishirin da matan layinmu suke ƙara masa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan ƙanena, marigayi Ladan. Matarsa Hauwa Bafulatana ce, daga wata ruga ta wajen Burumburum ya auro ta. Ɗanta na fari shi ne Imrana. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu Hauwa ta wuce misali. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. In ya shigo ɗaki ta fita. In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Da aka yaye shi ni aka kawo wa, ya yi shekara shida a ɗakina tare da ɗana Muzammil, wata uku ne tsakaninsu. Kwano ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka jiƙa mini, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Ko da ya koma gidansu, duk maganar da ke tsakanin uwa da ɗa ta bakina take bi. In tana son ya aske gashi, ni za ta gaya wa. In yana son ta daina zuwa itace da rana tsaka, ni zai gaya wa. Har zancen aurensa ni na yi ta kai da kawowa.

A firamare Muzammil ya fi shi ƙwaƙwalwa, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma yau Muzammil yana shagon taki da maganin feshi a kasuwar Bebeji, Imrana kuwa ƙaramin malami ne a jami'a. Ƙididdiga ake ce wa karatun nasa. Na taɓa tambayarsa mene ne amfaninsa, ya ce in aka ba shi damin dawa daga gonaki ashirin, zai iya faɗin abin da Badafi ta noma bana gaba ɗayanta, har ya faɗi iyakar kuskuren da zai iya yi. Na ce masa wannan ni ma ina yi daga bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa kira na malama.

Ranar wata Alhamis ta kaka ya zo gida da takardu biyu a cikin jaka. Ya shigo wajena ya zauna a tabarma, jikin katangar nan, ya ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake bukata. Na san ba don ni ba ne. A ɗaya gefen Hauwa tana sussukar gero, sai na ji taɓarya ta yi shiru.

“Gwaggo, wuri biyu suka ɗauke ni digiri na uku. Ranar Litinin zan ba su amsa.”

“Digirin ma har uku ne? Biyun da ka tara me suka yi maka?”

“In ba na ukun, haka zan tsufa ina ƙaramin malami. Ɗaliban da na koyar su dawo su zama shugabannina.”

Ya ɗaga takarda ta farko. Wannan a nan jami'ar da yake koyarwa ce, tafiyar awa biyu a mota. Wani dattijon farfesa ne zai duba aikinsa, mutumin kirki, shi ya koyar da shi tun farko, kuma aikinsa a kan amfanin gona ne, abin da Imrana ya sani tun yana tsaron tsuntsu. Zai ci gaba da koyarwa, ofishinsa na nan, duk Juma'a biyu yana gida. Illa dai farfesan ɗalibai goma sha ɗaya ne a hannunsa, ga taro ba ya ƙarewa. Wanda ya fi sauri a cikinsu shekara shida ya yi.

Ya ɗaga ta biyu. Wannan a Malesiya ce. Mace ce za ta duba shi, ba ta ma kai arba'in ba, ɗalibanta uku kacal. Ƙididdigar cututtuka take yi, yadda ake gane inda zazzaɓi zai ɓulla kafin ya ɓulla. Ya ce duk wanda ya fito daga hannunta da takardun bincike huɗu ko biyar yake fitowa, an buga su a mujallu, kuma da irin waɗannan takardu ake ƙara wa malamin jami'a girma. Shekara uku zuwa uku da rabi. Yana cikin bayani ya miƙe tsaye, yana zana wani abu a iska da yatsa.

“Zauna kar ka ture mini tulu. To ai ka riga ka zaɓa.”

Ya zauna. “Ban zaɓa ba. Ita ma ta Malesiyar tana da tata illar. Matar ba a san ta a nan ba, sunan Farfesa kuwa kowace ƙofa yake buɗewa. In na ƙi shi ban san yadda zai ɗauka ba, kuma ƙarƙashinsa zan dawo. Wannan duk zan iya ɗauka.” Ya rage murya, ya nuna katanga da haɓa. “Shekara uku ba zan zo ba, sai dai sau ɗaya. Tun rasuwar Baba ban san yadda take ba, ba ta faɗa. Gwaggo, ki ji mini ta bakinta. In tana son in zauna, zama zan yi.”

“Matarka fa?”

“Bahijja ta ce ita jakarta a ɗaure take.”

Washegari da hantsi ina tankaɗe sai ga Hauwa, wai ta zo aron rariya. Rariyarta ta fi tawa sabunta. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi ta lafiya lau, muka taɓa zancen tsadar manja, sannan ta kalli ƙasa.

“Yaya, jiya na ji wancan yana magana.”

“Kin ji, ko kin saurara?”

“Katangar ce gajera.” Ta murza bakin zanenta. “Ki ce masa ya tafi mai nisan.”

“Ke kuma wa zai dube ki?”

“Allah. Ga ki kuma. Yaya, da yana zancen ta kusan, muryarsa kamar mai karanta takardar asibiti. Da ya zo kan ɗayar sai na hango hularsa ta saman katanga. Tun yana yaro in abu ya shiga ransa ba ya iya faɗarsa a zaune. Ki ce ya tafi. Kar ki ce ni na ce.”

“In ban ce ke kika ce ba, ba zai ji ba.”

“To ki ce.”

Ta tafi ta bar rariyar.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya zo mini a rai, tunda na ɗauki alƙawarin gaskiya. Na ajiye tankaɗen na zauna ina hango abin. Shekara uku, yaro ya sauko daga jirgi Dakta. Matan layi su cika gidan Hauwa, uwar Dakta sannu, uwar Dakta barka. A gidan biki a shimfiɗa mata darduma, a zuba mata tsoka. Ita da ko hancinsa ba ta taɓa share masa a gaban mutane ba. Ni da na kwana goye da shi lokacin ƙyanda, me za a ce mini? Gwaggon Dakta? Wa ya taɓa jin an yi wa gwaggon Dakta guɗa? Sannan a juyo a tambaye ni, ya Muzammil, ya kasuwa, da irin muryar nan ta jaje.

In kuwa ya zauna, Daktan zai zama dai, amma sai bayan shekara shida, a hankali, yadda ba wanda zai lura da ranar. Ba jirgi, ba hoto. Kuma shekara shida, wa ya san wanda zai kai. Wataƙila kafin nan Muzammil ya buɗe shago na biyu. Na auna duka biyun kamar ni za a ba digirin, na ga na kusan zai fi mini sauƙin haɗiya.

Ranar Asabar da safe Imrana ya shigo ya ce, “Gwaggo, kin ji mini?”

Na yi ajiyar zuciya, na gyara ɗankwali. “Na ji. Ni dai da ban ji ba.”

“Me ta ce?”

“Ta ce in ka tafi ba lallai ka dawo ka same ta ba. Ba ka ga yadda ta rame ba? Jiri take fama da shi. Ni ina zaton hawan jini ne, tana ɓoyewa.”

Hauwa da ke ɗaukar dami a ka daga gona har gida ba ta sauke ba. Amma da na fara sai bakina ya ƙi tsayawa.

Ya daɗe yana kallona. Kar ku manta a ɗakina ya tashi, ya san ni. Ya ce, “Gwaggo, a aikinmu in labari ya fito daga baki ɗaya, ba ma rubuta shi sai mun sake tambaya.”

“Au, ni ce baki ɗayan? To ga ta can, je ka tambaye ta.”

Na faɗi haka ne don na tabbata ba zai iya ba. Sai kuwa ya tashi. Na ja turmi na taka, na leƙa ta saman katanga. Hauwa tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ya tsaya daga nesa, ya cire hula, ya durƙusa.

“Inna, maganar da Gwaggo ta gaya mini. Haka ne?”

Ba ta juyo ba. Tukunya ta ba amsa. “Abin da gwaggonka ta faɗa maka, shi ne.”

“Har ranki?”

“Har raina.”

Ya ce to. Ya mai da hularsa ya fita. Ita kuma na ga tana murmushi ita kaɗai, tana tuƙi da ƙarfi. Na sauko daga turmin a hankali. Ban taɓa ganin ƙarya ta sami shaida da arha irin wannan ba, kuma wallahi ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Amma na ci tuwona.

Ranar Lahadi tun da safe ya hau babur ya tafi Kiru. Bayan la'asar muna tsakar gidan Hauwa muna ɓarar gyaɗa, ni da ita da mata huɗu na layinmu, waɗanda in suka ji abu da yamma kafin magariba ya isa Tudun Wada. Sai ga shi da ƙaramin kwali a hannu. Ya gaishe da kowa, ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya buɗe. Wata na'ura ce mai igiya da maɗauri.

“Gwaggo, ki ɗaura mata a dantse. Ki danna nan.”

Hauwa ta dube ni. “Yaya, mene ne wannan?”

Na ce, “Wani abin zamani ne. Bari sai anjima.”

Imrana ya ce, “Ki ce mata na awon jini ne. Safe da yamma za a riƙa yi, ana rubutawa, in na zo in duba. Ki kuma ce mata ta kwantar da hankalinta. Na rubuta wa matar can cewa na gode, gobe zan tura. Wajen Farfesa zan yi. Ba inda za ni.”

Gyaɗar da ke hannun Hauwa ta zube a faifai. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

“Yaya, wa yake da hawan jini?”

“Ai kowa ma yana da shi yanzu. Zamanin ne.”

“Me kika gaya masa?”

“Abin da ya dace na gaya masa.”

Matan nan huɗu hannuwansu suna ɓara, kunnuwansu a tsaye. Imrana ya ga abin ya zama na manya, ya tashi ya nufi zaure. Hauwa ta juyo gare ni. Ta buɗe baki ta ce mini, “Ki ce masa,” sai ta tsaya. Ta gane ba ta da sauran abin da za ta ba ni in kai.

Ta ce, “Imrana.”

Ba da ƙarfi ba. Sunan ma ya fito mata a karkace, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta saba ci ba. Shi kuwa ya juyo yana duban matan nan ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta kira shi, don bai san yadda sunansa yake a muryarta ba.

“Ni ce. Zo nan.”

Ya dawo ya durƙusa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ita ma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ba ta fasa ba.

“Lafiyata ƙalau. Ban ce ka zauna ba. Cewa na yi ka tafi wajen matar nan mai ɗalibai uku. Shi dattijon ka je har gidansa ka durƙusa ka ba shi haƙuri, kar ka aika masa a waya. In mutumin kirki ne kamar yadda ka ce, zai sa maka albarka. Kakanninka da ƙafa suke kai shanu har Doguwa su wuce, su yi wata biyar, ba wanda ya mutu don kewa. Ka ji?”

“Na ji, Inna.”

“Mai nisan kake so?”

Ya ce, “Shi nake so.”

“To shi ke nan. Tashi ka ba ni wuri.”

Ta miƙe ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta sake fitowa ba har muka watse. Ɗaya daga cikin matan tana share hawaye, ɗaya kuma ta riga ta fara neman takalminta.

Imrana bai tashi ba. Ya juyo gare ni, idonsa ja, amma bakinsa yana son dariya.

“Gwaggo, me ya sa?”

“Ni ma ai uwa ce. Ko ba ni da ikon in ƙi ka yi nisa?”

Da na faɗa sai na ji ashe akwai gaskiya a ciki, wajen rabi. Ɗaya rabin ban faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗauki na'urar ya ce, “Kawo hannunki, kar a yi asararta.” Ya ɗaura mini, abin ya matse ni yana ƙugi. Ya duba lambar ya ɗaga gira.

“Gwaggo, ashe ke ce mai shi. Gobe in na dawo daga wajen Farfesa zan kai ki asibiti.”

Na ce ƙarya na'urar take yi, an tayar mini da hankali ne. Ya ce za a sake awo sau uku a ga ni.

Litinin da sassafe ya tafi wajen dattijon. Abin da ya gaya mana, Farfesa ya ce da shi ne yake da shekara talatin da ɗaya, shi ma can zai tafi, amma in ya dawo akwai ajin 'yan shekarar farko mai mutum ɗari uku yana jiransa, kar ya zaci ya tsira. Daga ofishin Imrana ya tura wa matar amsa cewa yana nan zuwa. Bayan wata huɗu suka tashi shi da Bahijja. Hauwa ba ta raka su ko bakin titi ba. Ni na je har filin jirgi a Kano, a gidan gaba, Muzammil yana tuƙi. Shi Muzammil ɗin ko a jikinsa, sai murna yake yi yana ɗaukar hoto, har na ji kamar in maƙure shi.

Labarin ƙaryata kuwa ya riga mu isa ko'ina. A gidan suna yanzu in na ce an ce, sai wata ta ce, “Gwaggo, baki ɗaya ne ko an sake tambaya?” Wannan bai dame ni ba, na saba.

Abin da ya dame ni shi ne wayar. Kafin ya tafi ya saya wa Hauwa waya, ya koya mata inda ake dannawa. Duk Juma'a da hantsi sai in ji tana ƙara ta bayan katanga. A gaban mutane har gobe “wancan” take ce masa, amma in wayar ta yi ƙara sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, su yi rabin awa. Har dariyarta nake jiyowa. Na gwada turmi, na gwada aron rariya, ba na jin komai sai gunaguni. In ta fito in ce, “Me ya ce? Ya matar da ke duba shi, tana da kirki? An buga takardar?” Sai ta ce, “Lafiya lau suke, Yaya. Yana gaishe ki. Ya ce kina shan maganin?”

Makon jiya a wajen injin niƙa na ji wai an karɓi takardar binciken Imrana ta farko, kuma Bahijja tana da ciki. Daga bakin matar mai injin na ji, ni.